Na Raka Surukina Jarrabawar Alƙalancin Hoki

Tun da muka dawo daga Gana ban huta da tambaya ba. In na zauna a majalisarmu ta bakin Babbar Kasuwa bayan la'asar, wannan ya ce yaya teku take, wancan ya ce da gaske ne mata ke riƙe da kasuwanninsu, ni kuma in ce lafiya lau muka je muka dawo, in jawo wata maganar. Na gaji da kewaye-kewaye. Zan rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, duk wanda ya ƙara tambayata in miƙa masa takarda.

Wanda na raka shi ne Malam Rabe na Ƙofar Durbi. Shi ya koya mini hoki, wasan da wasu ke kira ƙwallon gora, tun ina aji ɗaya a sakandare, kuma shekara biyu da suka wuce ya ba ni auren 'yarsa Hinde. Wato malamina ne, kuma surukina. Kun san abin da hakan ke nufi a garin nan. Ba na cin abinci a gabansa, ba na kama sunansa, in yana magana idona na ƙasa.

Malam ya fi shekara ashirin yana hura usur a filayenmu na jar ƙasa, kuma bayan cikawa da imani burinsa ɗaya ne, ya sami lambar alƙalanci ta ƙasa da ƙasa. Duk shekarun soja ba wanda ya waiwaye mu. Ba gasa, ba tafiya, ko sabon littafin doka bai iso mana ba, wanda ke hannun Malam har sai da ya yi masa bango da kwalin sukari. Da farar hula suka karɓi mulki, wani sabon mai muƙami da ke son a ga yana aiki ya ci karo da takardar gayyata daga Accra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara. Kwas ne na alƙalai na kwana uku: ranar farko aji, ta biyu gwajin gudu, ta uku alƙalancin wasa a gaban masu duba. Ya sa hannu. Shekarun Malam kuwa sun zo gaɓa, baɗi war haka ya wuce iyakar da suke karɓa. Dama ɗaya ce ta rage masa, kuma ya sani. Aka haɗa shi da ni in riƙe jaka, in kuma zauna ajin masu koyo.

Hanya biyu ce, ko ta Ikko a bi bakin teku, ko ta arewa a ratsa Nijar da Burkina. Malam ya ce ta arewa za mu bi, don ita kakansa ya bi zuwa Gwanja fataucin goro. Ni kuwa na riga na tambayi direbobi a tasha, sun ce hanyar tana cin kwana huɗu in ba a sami tangarɗa ba, kuma kwana huɗun cif muke da su. Na san wannan sarai. Na ce, "To, Baba."

Muka shiga Fijo zuwa Maraɗi, mutum huɗu a kujerar baya, cinyata manne da ta surukina. Na yi ta maƙurewa jikin ƙofa har kafaɗata ta sage. A iyaka wani jandarma ya zaro tsohuwar sandar hokin Malam daga cikin kaya, wadda ba ya tafiya ko'ina sai da ita, ya jujjuya ta, ya ce wannan gorar faɗa ce ko ta kiwo. Da ya san abin da ya jawo wa kansa da bai tambaya ba. Malam ya tsuguna ya zana fili a ƙasa da tsinke.

"Mutum goma sha ɗaya kowane gehe, kamar ƙwallon ƙahwa," in ji shi. "Amma nan ƙahwa haramun ce, sai ga mai tsaron gida. Ka ga sandar ga? Huska guda ce shimhiɗaɗɗa, da ita kaɗai ake taɓa ƙwallo, in ka sa bayanta an hura maka. Ka ga wanga rabin da'ira da ke gaban raga? In ba daga cikinta ka buga ba, ko ragar ta yage ba ci ba ne."

Ya gaya masa minti talatin da biyar ake yi a juya, alƙalai biyu ne kowa da rabinsa, kati kuma uku, kore na gargaɗi, rawaya na fita na ɗan lokaci, ja na sallama. Sannan ya zo kan satar gida, dokar da ya fi ƙauna: ɗan gaba ba zai je ya laɓe kusa da raga yana jiran ƙwallo ba, sai da 'yan baya biyu tsakaninsa da layin ƙarshe lokacin da aka bugo masa. Ya ce nan ake gane alƙali mai ido. Direbanmu yana ta danna ham, jandarma kuwa har ya kira abokin aikinsa ya zo ya ji. Ban taɓa ganin fuskar Malam a sake kamar ranar ba.

Abinci ne ya zame mana aiki. A Ƙonni aka tsaya salla, yunwa ta ci ni, na sayi tsire da dogon burodin nan nasu mai tauri, na zagaya bayan wata babbar mota na tsuguna. Na kai loma ta biyu ke nan na ɗaga kai, sai ga Malam a bayan motar da ke kusa, shi ma a tsugune da nasa ƙunshin. Muka haɗa ido, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya ya ƙarasa. Har muka dawo gida ba wanda ya ta da zancen. A Yamai ɗaki guda muka samu a tasha, na bar masa, na kwana a benci.

Da muka shiga Burkina Hausa ta fara ƙarewa, sai nuni da hannu. Abin da ya fi ba ni mamaki matansu ne a kan babur, da goyo a baya da kwando a ka, suna tsala gudu ba mai kallonsu. Malam ya ce in Hinde ta ga haka na shiga uku. Wannan ce kaɗai zolayar da ya taɓa yi mini. Bayan mun wuce garin Fada ƙarfen ƙasan motar ya karye, direba ya hau wata ya koma neman maƙeri, muka yini muka kwana a gindin bishiya. Mutanen ƙauyen suka kawo mana ruwan gari mai ɗan tsami da suke tarbar baƙo da shi, ɗan'uwan farau-faraunmu. Ba su jin maganarmu, ba mu jin tasu, amma wata tsohuwa ta tsaya a kanmu sai da ta ga mun shanye ƙwaryar. A nan kwana ɗaya ya salwanta.

A Gana Turanci ya dawo, Malam ya sami baki. Mun ratsa Kumasi ranar Asabar, ranar jana'izarsu. Suna ajiye gawa makonni, sannan a fito da jajaye da baƙaƙen tufafi a kafa rumfuna, ana kiɗa ana rawa ana rabon abin sha. Mu da muke kai mutum kafin rana ta juya, muka yi ta kallo ta taga, Malam yana salati a hankali. Abincinsu kuwa, akwai dokunu, tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, a ci da kifi da wani baƙin yaji da sai da na yi hawaye. Akwai kuma shinkafa da wake da koko da ƙosai, waɗanda ko'ina ka je 'yan zango, wato Hausawan can, ke sayarwa.

Mun isa Ankara da yammacin ranar farko ta kwas ɗin, an riga an tashi daga aji. Shugabar kwas ɗin wata doguwar mace ce mai furfura, kowa Madam yake ce mata. Ta ji uzurinmu ta karɓa, ta miƙa mana littafin doka guda ɗaya don shi ya rage, ta tambayi Malam ko ya san abin da ke ciki. Ya ce ya san shi kamar sunansa. Ba ƙarya ya yi ba, haka ya ɗauka. Muna fita ya miƙo mini.

"Riƙe, Mannir. Kai ne mai koyo."

Muka sauka a zango, gidan wani dattijo mai sayar da goro, Alhaji Sidi, wanda kakansa Bakatsine ne. Bai taɓa zuwa Katsina ba, amma ya yi ta tambayarmu ƙofofin gari ɗaya bayan ɗaya kamar mai tambayar dangi.

Kashegari da safe aka tafi da su Malam gwajin gudu, ya kuwa wuce samari da yawa. Mu masu koyo aka zaunar da mu kallon wasan gwaji. Filin ciyawa ne lumui, ƙwallo na tafiya ba tsalle, ba irin namu da dutse ke canza mata hanya ba. Ina cikin sha'awa sai na ga wani ɗan gaba ya je ya tsaya jikin turken raga, ba ɗan baya ko ɗaya a bayansa. Aka bugo masa, ya tura ta ciki. Na jira usur na satar gida, sai na ji na ci. Na taɓa wanda ke kusa da ni na ce alƙalin nan barci yake yi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce an jima da soke satar gida a hoki, jiya ma da ita aka buɗe aji.

Bayan azahar na shige ɗaki na buɗe littafin, na bi shi shafi shafi ina neman dokar, babu ita. A gabatarwa kaɗai na sami layi biyu da ke cewa an cire ta. Shekaru ke nan duniya na wasa ba ita, mu muna Katsina muna hura wa yara usur a kanta. Gobe da safe kuma Malam zai shiga fili.

Kowa zai ce ai sai in tashi in je in gaya masa. Ni ma haka nake cewa yanzu. Amma ku tuna wanda zan je in ce wa, Baba, abin da ka fi gwaninta a kai babu shi. Na tashi har sau uku ina komawa in zauna. Daga ƙarshe na buɗe littafin daidai shafin, na ja layi da biro, na ajiye a kan tabarmarsa lokacin da ya fita alwala. Da ya dawo ya ɗauka, ya rufe ba tare da ya duba ba, ya kawo mini har inda nake.

"Kada ka riƙa barin littahi a ƙasa," ya ce.

Sai na yi abin da muke yi a gida in magana ta fi ƙarfin bakin yaro, na nemi babba. Na sami Alhaji Sidi na zayyana masa komai, na roƙe shi ya faɗa wa Malam, amma kada ya ce daga gare ni ta fito. Ya fahimce ni nan take, ya ce shi ma surukinsa har ya rasu bai taɓa ganin haƙoransa ba.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawan unguwa huɗu suka zo gaida baƙin Katsina. Ina gefe a rakuɓe. Aka gaisa aka sake gaisawa, aka tambayi hanya da iyali da damina. Can Alhaji Sidi ya gyara murya ya ce ya ji a gari wai wasan nan nasu an cire masa satar gida.

Malam ya yi dariya har da buga cinya. "Alhaji, ka taɓa riƙa sandar hoki?"

"Ban taɓa ba."

"To wanda ya hwaɗa maka shina maka wasa ne. Hoki ba satar gida ai kasuwa ce." Sai ya juyo wajena, dattawan nan duka suka juyo tare da shi. "Mannir, kai da ke riƙe da littahi, ka ji wai an soke satar gida?"

Littafin yana aljihuna, ina jin gefensa a ƙirjina. Alhaji Sidi ya zuba mini ido. In na ce e, na ƙaryata surukina a gaban baƙi, a kan maganar mai goro, yana tsakiyar dariya. Na dubi tabarma.

Na ce, "Baba ya fi ni sani."

Alhaji Sidi ya kawar da kai, ya ɓare goro ya miƙa wa na kusa da shi. Aka shiga wata hirar.

Da safe na ɗauki jaka muka nufi fili a ƙasa. Malam ya sa fararen kayansa da Hinde ta goge ta naɗe a leda tun daga gida. Na yi wa kaina alkawari kafin mu kai ƙofar fili zan faɗa, tunda yanzu daga ni sai shi. Muka kai ƙofar. Na ce, "Baba." Ya tsaya ya juyo, ya ce na'am. Fuskarsa cike da fara'a, kamar ango. Na ce Allah ya ba da sa'a. Ya ce amin, ya karɓi usur ɗinsa daga jaka ya shiga.

A farkon wasan ban taɓa ganin alƙalanci mai kyau irinsa ba. Ya kama ƙwallo a ƙafar wani da ba wanda ya gani, ya kama bugun bayan sanda, ya ba da bugun gajeriyar kwana da aka yi wa ɗan gaba ƙeta a cikin da'ira, ya nuna koren kati ba hayaniya. Madam tana bakin layi tana rubutu tana gyaɗa kai. Har na fara roƙon Allah ya sa a gama ba wanda ya laɓe kusa da raga.

Sai wani ya laɓe. Aka bugo masa, Malam ya hura da ƙarfi, ya miƙa hannu a gicciye yadda ya saba. 'Yan wasa suka tsaya suna kallon juna. Kyaftin ɗinsu ya zo da ladabi yana tambayar laifin me, Malam ya nuna masa ya koma. Madam ta daina rubutu. Ba a yi minti biyar ba aka sake, wannan karon ƙwallo ta shiga raga, Malam ya soke cin. Kyaftin ya dawo yana magana da hannuwa, Malam ya zaro kati ya nuna masa don gardama. A nan 'yan kallo suka gane abin da ke faruwa. Dariya ta fara daga benci ɗaya ta zagaye filin, wani ya ɗaga murya ya tambaya daga wane zamani aka tono wannan. Ina zaune a cikinsu da jakarsa a kan cinyata.

Madam ta sa aka tsayar da agogo. Ta taka har tsakiyar fili, ta buɗe nata littafin ta nuna masa da yatsa, ba ta ɗaga murya ba. Malam ya daɗe yana kallon shafin, ya fi ƙarfin lokacin da layi biyu ke ci. Sannan ya je wajen kyaftin ɗin ya ba shi hannu, ya mayar da cin. Ya roƙi a bar shi ya ƙarasa, aka bar shi. Bai sake kuskure ba har aka tashi, amma duk sanda ɗan gaba ya wuce 'yan baya ina ganin hannunsa ya ɗan motsa, ya mayar da shi jikinsa.

Da yamma aka kira sunayen waɗanda suka ci, babu nasa. Madam ta same shi gefe ta ce a duk waɗanda suka zo ba mai idonsa, ba mai iya tsayuwarsa, amma ba ta da ikon ba da lamba ga wanda ya hukunta dokar da babu. Ta ce ya dawo baɗi. Ya gaya mata shekarunsa. Ta riƙe hannunsa da hannu biyu.

Ta arewa muka koma. Motar ba ta lalace ba, iyakoki ba su riƙe mu ba, kwana huɗu cif. Malam ba ya magana sai gaisuwa da salla. Ya daina ɓuya in zai ci abinci, don ba ya ci. Sai da muka baro Maraɗi, muna jiran a gama duba kaya a iyakarmu, mu biyu a inuwar wata rumfa, ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Littahin da ka bari buɗe bisa tabarmata. Shahin ke nan?"

"Shi ne, Baba."

"Alhaji Sidi hwa?"

"Ni na tura shi."

Ya daɗe yana kallon titi. "Na tambaye ka, Mannir. Da bakina na tambaye ka."

Hawaye suka zubo mini, na bar su. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya ce, "Ba komi. Haka Allah ya so," ya tashi ya nufi mota.

Wata uku ke nan Malam bai taka fili ba. Yara suna tambayata, ina ce musu yana hutawa. Na koya musu sabuwar dokar da kaina, sun kuwa ji daɗinta, kullum sai an cika raga. Ni dai ba na jin daɗin komai a filin yanzu.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da muka iso. Mun tarar Hinde ta zo Ƙofar Durbi tun safe ta yi girkin tarba, maƙwabta sun cika zaure. Suka yi mana barka da hanya, sannan aka zo kan tambayar da kowa ke jira. Malam ya ce bai samu ba, an canza doka shi kuma bai yi karatu ba, laifinsa ne shi kaɗai. Aka yi ta Allah ya sa haka ya fi alheri. Hinde ta kawo ruwa ta durƙusa, ya dube ta.

"Mijinki kau ya yi ladabi, ɗiyata. Tun da muka tahi har muka dawo, bai musa mani ko sau guda ba."

Dattawa suka yi ta sa mini albarka. Hinde ta rufe fuska da mayafi, amma na ga murmushinta.

Da magariba ta kusa na ɗauke ta a babur muka nufi gida Kambarawa. Muna tafe ta matso kusa da kunnena don iska, ta ce ta san ba a samu abin da aka je nema ba, amma ita ta gode mini da na riƙe mata Baba da mutunci a ƙasar mutane.

Na ce mata ba komai.